Fulogi na Huɗu

Ana gab da magariba Mai-Kunne ya zare makullin jar motar daga ƙusar da ƙaninsa ya rataye shi, ya ce wa maigadin gareji zai ɗan zaga ya dawo.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. A da, mota na shigowa ƙofar gareji zai karkata kai ya faɗi ciwonta tun direba bai fito ba. Shi ya koya wa ƙaninsa Auta riƙon sufana, shi ya sha make masa ƙeya in ya ɗaure noti a karkace. To, Auta ya je ya koyo aikin kwamfuta, ya dawo yana jona waya a ƙwaƙwalwar mota yana ƙara mata ƙarfi, kuma tun daga nan samarin da ke da motoci masu gudu suka daina tsayawa wajen yayan. Sai dai su ɗaga masa hannu su ce, "Sannu Baba, Oga Auta na ciki?" Baba! Mutumin da ko furfura bai gama tarawa ba. Abin yana cin sa, ya kuma hana shi barci, amma ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

Jar motar ta wani mai kemis ce. Auta ya sauya mata nozul, ya buɗe mata hanyar shan iska, ya sake lissafin man da take zuƙa, har mutane suka riƙa zuwa kallonta. Sai ga mai kemis ya dawo da ita da la'asar, wai in ta ɗauki gudu sosai takan yi tari sau ɗaya. Auta ya ce da safe zai fita da ita da kansa ya gwada. Mai-Kunne na gefe yana goge hannu, daɗi ya cika shi har wuya. Mai ne ya yi mata kaɗan, ya ce a ransa, yaron nan ya kwafsa. Kuma shi zai tona, a gaban kowa, ba tare da wata kwamfuta ba.

Gwajin da ya sani tsoho ne. Ka sa sabon fulogi a kowace silinda, ka samu hanyar da ba kowa, ka take totur har ƙasa, sannan ka kashe injin tana cikin gudun, ta gangara ta tsaya da kanta. A nan inda ta tsaya za ka kwance fulogin ka duba bakinsa. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, fistin na gab da narkewa. In ya yi ruwan shayi da madara, aiki ya yi daidai. Sharaɗin kawai, ba ka da zaɓin inda za ta tsaya.

Ya sauya fulogin a gareji, ya bar tsofaffin a kan benci, ya kama hanyar tsohuwar ma'aikatar fasa dutse, wadda aka daina bi tun da aka rufe ta.

Motar ta tashi kamar an harba ta. Har shi kansa sai da ya ji tsikar jikinsa ta tashi, kuma hakan ya ƙara ba shi haushi. Ya take kulochi, ya murɗe makulli. Ƙara ta ɗauke. Sai sautin taya a kan tsakuwa, yana raguwa, yana raguwa, har ta tsaya a gindin wani tsohon tankin ruwa da ya yi tsatsa.

Rana ta faɗi, saura ja-ja a gefen sama. Ba tsuntsu, ba gyare. Injin ne kawai ke ƙas, ƙas, yana hucewa.

Ya buɗe bonet, ya saƙale tocila a baki, ya kwance na farko. Ruwan shayi. Na biyu ma haka. Na uku ya jujjuya shi, ya kai shi kusa da ido yana neman ko ɗigon fari, bai samu ba. Ya jera su a kan tsumma. Da na huɗu ya fito da kalar 'yan'uwansa, sai ya cire tocilar daga baki ya yi tsaki.

"Da ma ko ɗaya ne ya yi fari," ya ce a fili.

"Wanne kake so?"

Muryar a hankali ta zo, daga ɗaya gefen bonet. Tare da ita wani wari ya taso, kamar an kashe wutar fetur da jiƙaƙƙen buhu.

Mai-Kunne bai ɗaga kai ba. Ta ƙasan ido ya ga hannu ya miƙo cikin hasken tocila, dogo, busasshe, gaɓoɓin yatsun sun yi yawa. Hannun ya zare fulogi na huɗu daga nasa. Aka ji huci, dogo, mai sanyi. Sai aka dawo masa da shi cikin tafinsa.

Fari fat, kamar alli.

"Ga shi," in ji muryar. "Mayar da shi gurbinsa. Daga yau wannan silindar ba za ta ƙoshi da mai ba."

Mai-Kunne ya ce, "Me zan biya ka?"

"Ba komai. Ni ma ƙanina aka fi so."

Abin kunyar shi ne, Mai-Kunne bai jefar da shi nan take ba. Ya tsaya yana kallon farin nan, yana hango samarin sun yi cirko-cirko, Auta ya sunkuyar da kai, mai kemis yana cewa, Oga, don Allah kai ka duba min. Daɗin ya ratsa shi har tafin ƙafa. Warin ya matso.

"Da safe shi zai tuƙa ta, ko?" Muryar ta koma raɗa, yanzu a bayan kunnensa. "Ta nan zai biyo. Yana son gudu. In fistin ya narke a kwanar can, motar ta kulle, ramin dutsen yana da zurfi. Nawa ƙanin yana can ƙasa tun tuni."

Sai Mai-Kunne ya tuna Auta yana ɗan mitsitsi, yana riƙe masa fitila a ƙarƙashin mota, barci na fizgarsa amma ya ƙi tafiya gida sai da Yaya.

Ya buɗe hannu. Fulogin ya ƙi faɗuwa, ya manne a yatsunsa da sanyi irin na ƙanƙara. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya buga hannun a jikin tankin. Abin ya ɓalle ya gangara cikin duhu.

Hucin ya tsaya.

Mota ba ta tashi in babu fulogi, kuma uku ne suka rage a kan tsumma.

Ya ɗaura na farko da sauri, zaren ya hau a karkace, ya sake. Na biyu. Daga can ƙasa ya ji ana tattaka tsakuwa, ana laluben wani abu. Na uku.

Laluben ya tsaya. An samu.

Ya bar rami na huɗu a buɗe, ya buga bonet, ya faɗa ciki.

Ya murɗa. Ta yi tari.

Takun na tahowa, ba sauri.

Ya sake murɗawa. Ta kama a kan silinda uku, tana girgiza, buɗaɗɗen ramin yana fuf, fuf, fuf, ƙaurin ɗanyen fetur ya cika motar. Wani abu mai ƙarfe ya ƙwanƙwasa gilashin gefensa, a hankali, cikin ladabi.

Bai duba ba. Ya ja ta tana ɗingishi har ƙofar gareji.

Da safe Auta ya tarar da yayansa ya riga ya sa wani fulogin, yana zaune a kan taya da hannu a aljihu.

"Yaya, wa ya taɓa motar nan?"

"Ni ne. Na gwada ta. Lissafinka daidai yake, Auta. Duba matatar mai, ina jin ita ce. Kuma kada ka bi hanyar dutse. Ka yi min alkawari."

Auta ya yi sororo, don rabon da yayansa ya yaba masa har ya manta. Matatar ce kuwa ta toshe.

Yatsu biyun da suka riƙe fulogin ba su sake jin zafi ba, ko a kan salansa ya ɗora su. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi damunsa shi ne, duk lokacin da wani ya fara yabon Auta, zuciyarsa ta ɗan motsa, sai warin jiƙaƙƙen buhun nan ya taso a bayan kafaɗarsa, ya ji an ce a hankali, "Na ajiye maka shi."

Shi ya sa yanzu ba mai rigan Mai-Kunne yabon ƙaninsa. Tun baƙo bai rufe baki ba zai karɓe zancen da ƙarfi, yana gumi, har sai warin ya ja da baya. Mutanen gareji kan ce ba su taɓa ganin wa mai son ƙaninsa irin wannan ba, shi kuwa sai ya yi murmushi, bai yarda ya waiwaya ba.