Gidan Ƙarshe a Bakin Teku

Tun hantsi ran Jagoda yake a ɓace. Ita ta tsara yinin: da safe tsintar ɓawon katantanwa a bakin teku, da rana zaga tsoffin gidajen matuƙan jiragen ruwa. Amma mijinta Tihomir ya shantake, daga gahawa sai gasasshen kifi, daga nan ya miƙe a kan yashi.

"Gidajen matattu ne fa, Jagoda. Guduwa za su yi?"

"Tashi dai, sarkin son jiki!"

Suka iske na farko a rufe, na biyu ma haka. A na gaba, kan idonsu mai gadi ya murza makulli ya wuce abinsa. Kamar ta yi kuka.

Rana na shirin faɗuwa ta hango wani gida a ƙarshen layi, na dutse, ƙofarsa a buɗe.

"Ko da ɗaya ne sai na gani," ta ce, ta ja shi ciki.

Warin gishiri da ruɓaɓɓen katako ya tare su. Ba fitila. Wani wuri ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Wata tsohuwa na tsaye a saman matakala cikin baƙar riga.

"Iya, yi haƙuri, ko kun tashi?" in ji Jagoda.

Ko kallonta tsohuwar ba ta yi ba. Tihomir take kallo.

"Ka daɗe," ta ce ƙasa-ƙasa. "Sun ce jirginka ya nutse."

Jagoda ta jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya saki hannunta, ya taka matakala.

"Tiho, wane irin wasa ne wannan?"

Bai waiwayo ba.

Sai ta ji sanyi a idon sawunta. Ruwa ne, yana gangarowa daga ƙarƙashin rigar tsohuwar, har da ciyawar teku.

Ƙofa ta fara turo kanta.

Jagoda ta cafki ɗamarar wandonsa. Nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu.

Tsohuwar ta miƙo hannu. Ya yi tsawo. Ya ƙara tsawo.

"Nawa ne!" Jagoda ta ƙwalla, ta fizgo shi da dukkan ƙarfinta.

Suka faɗo waje, ƙofar ta rufe garam, ta yage mata gefen riga.

Sun koma gida Osijek, inda ba teku ko kusa. Tihomir ya rantse bai tuna komai ba, surukarta kuma ta ce ai rana ce ta bugi Jagoda. Jagoda ta gaji da bayani ta haƙura.

Sai dai yanzu da yamma ta yi, takan same shi a bakin ƙofa, sanye da takalmi.

"Ana jirana," yakan ce, sannan ya dube ta. "Me na ce?"

Makullin mota a wuyanta yake kwana.