Saɓar da Ta Maƙale a Idon Yalwa

Ku matso, kuma ku yi mini shiru. Ke Talatu, kika ƙara yin dariya sai na kore ki ɗaki ke kaɗai. Wannan ba tatsuniya ba ce.

Cindo gardi ne, ɗan gardi. Cikin macizansa akwai wata mesa, Yalwa, da ya ɗauko a gindin wani suri a hanyar tafki tun ba ta fi igiyar guga kauri ba. Shekara tara suna tare. Sauran yake kaiwa kasuwa wasa, ita ta gida ce. Mutum ne mai baƙar zuciya, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, amma Yalwa da taushi yake mata magana.

Ubansa ya bar masa doka biyu. In maciji zai yi saɓa, ba a sa masa farce, a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi a bar shi ya goge da kansa. In ya gama, a mayar da saɓar surin da aka ɗauko shi a binne. Shi kuwa Cindo ga gaggawa, ga son a sani. Sau biyu yana ɓare wa Yalwa saɓa da hannu don ta fita ba yagewa, ya rataye a ƙofar ɗakinsa mutane su ga tsawonta su riƙe baki.

A karo na uku saɓar ta ƙi. Ta jiki ta fita guntu-guntu, ta idanu ta maƙale ta bushe. Idanun Yalwa suka yi fari fat. Ta daina ci. In ya kai hannu sai ta kai wa iska sara, ba ta gane shi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya san in ba a cire ba makancewa za ta yi.

Sai lokacin ya tuna da maganar ubansa. Ruwan tafki da rana tsaka yake ɗumi daidai. Wa yake bin hanyar tafki da rana tsaka? Ai ko mahaukaci ya san lokacin iskoki ne. Cindo ya sa ta a kwando, ya ɗora a ka, ya tafi shi kaɗai.

Hanya tsit. Ba tsuntsu, ba iska. A kan rairayi ya ga wani shaci mai faɗi, kamar an ja buhu. Shacin ya bi ta gefen surin nan, ya gangara bakin ruwa. A inda ya ƙare, wata tsohuwa ce zaune, zanenta ya rufe ta har ƙasa.

"Ke tsohuwa, matsa mini," in ji shi.

Ba ta motsa ba. Ya duba bayanta. Ba sawun ƙafa ko ɗaya, sai shacin.

"Ɗan Barau." Muryar a shaƙe take, iska ta fi magana yawa. "Sauke mini 'yata."

Kwandon ya yi nauyi a kansa. Yalwa tana ta murɗawa a ciki.

"Wa ya faɗa miki sunan ubana?"

"Ubanka yana da kunya. Kai ba ka da ita. Sau biyu ka tuɓe ta tsirara, ka rataye kayanta 'yan iskan gari suna kallo."

"Tawa ce. Ni na rene ta."

"Aro aka ba ka."

Tun da ta fara magana ba ta ƙifta ido ba. Sai yanzu ya lura. Ya durƙusa ya sauke kwandon.

"Iya, ki yi haƙuri. Magani na zo yi mata."

"To yi. Ina kallo. Abin da ya sami idonta, shi zai sami naka."

Kafin ta rufe baki duniya ta dushe masa. Ya murza ido, ya sake murzawa. Wani abu busasshe ya lulluɓe su duka biyu, da ƙyar yake ganin hannunsa.

Ya lalubo Yalwa, ya kwantar da ita a ruwan gefe, kanta a tafin hannunsa. Ya yago bakin rawaninsa ya jiƙa. Ya ɗora a idon dama, ya jira. Ya shafa a hankali, ya sake jiƙawa. Rana tana dukan ƙeyarsa. A bayansa yana jin wani abu mai nauyi yana jan jiki a rairayi, yana zagaye shi.

Ya daɗe, wallahi ya daɗe. Can sai Yalwa ta goga kanta a tsumman, wani ɗan ɓawo kamar na albasa ya zame. Nan take idonsa na dama ya washe.

Saura na hagu. Ya jiƙa, ya ƙi. Ya ƙara, ya ƙi. Gefensa kaɗai ya ɗan ɗago. Inuwa ta fara tsawo, numfashin tsohuwar kuma yana taɓa wuyansa, sanyi ƙalau.

"Iya, la'asar ta yi."

"Ina ruwana."

"Kaɗan ya rage."

"Na gani."

To kun ji inda halin mutum yake cin sa. Da ya ƙara haƙuri kaɗan, da ɓawon ya fita da kansa. Tsoro da gaggawa suka haɗu masa. Ya ce a ransa ai ya riga ya yi laushi. Ya sa farce ya ja.

Yalwa ta gantsare. Jini ya ɗigo a ruwan. Cindo ya dafe idonsa na hagu ya kurma ihu, ba wanda ya ji.

"Mara kunya," in ji tsohuwar. "Ko da ina tsaye a kanka."

Ta buɗe gefen zanenta. Bai ga ƙafa ba, kuma har yau bai faɗi abin da ya gani ba. Yalwa ta sulale daga hannunsa ta shige ciki. Ya kira sunanta sau uku, ba ta waiwayo ba.

Tsohuwar ta jefo masa ɗan ɓawon nan mai jini.

"Riƙe. Wannan ma ka rataye a ƙofa."

Da gudu ya iso gari, ba kwando, ba takalmi. A ranar ya sauke saɓar nan biyu, amma bai sami mai raka shi binnewa ba, shi kuma ba ya iya komawa.

Kun san shi ai. Tsohon nan mai farin ido da ke zama a zauren Malam Ilu, wanda kuke bi kuna yi wa waƙa, 'yan banza. Na taɓa tambayarsa ko idon yana ciwo. Ya ce idon bai dame shi ba. Ya ce shekara tara yana kiranta tana zuwa, ran nan ya kira ba ta waiwayo ba.

Saboda haka duk wanda na ji ya bi hanyar tafki shi kaɗai da rana tsaka, in ya dawo da idonsa biyu, ni zan farfasa masa jiki. Ku tashi ku kwanta.