Zaman Madawaki a Ƙofar Fada

A ƙarshen mulkin sarkin da ake yi wa laƙabi da Dogo, daidai lokacin da damina ke ɗaukewa, abokan gaba suka janye daga ganuwar birni bayan sun daɗe suna kewaye da shi. An tsira, amma ba a yi kiɗa ba, domin Yarima, ɗan sarki tilo, ya faɗi a ƙofar gabas yana jiran agaji. Wanda aka ɗora wa alhakin kai agajin shi ne Madawaki, mutumin ƙasar tsaunuka, mijin Gimbiya ƙanwar sarki. Ya karkata da dakarunsa don ya ceci rijiyoyin gari, kafin ya juyo mai aukuwa ta auku.

Gimbiya ce ta shiga tsaka mai wuya. Ita ta goyi Yarima, kuma ita ce uwar 'ya'yan Madawaki.

Da aka share makoki, Madawaki ya aske kansa, ya ajiye takobi, ya je ƙofar fada ya zauna a rana. Haka mutanensu ke neman gafara: mai laifi ba ya roƙo, ba ya ci, ba ya sha, sai wanda ya ɓata wa ya miƙo masa ruwa da hannunsa. A fada kuwa, sai mutum ya faɗi gaban sarki ya furta tubarsa, fadawa na ji. Waziri ya ce wannan zama tsaurin ido ne kawai.

Gimbiya ta shiga wurin wanta, ta iske shi ya rame, rawani a gefe. Ta bayyana masa ma'anar zaman. Ya ce ya sani da an rasa rijiyoyin da babu wanda zai kai labari, kuma shi ba ya riƙe da mijinta a zuciya.

"To, Yaya, moɗa ɗaya ce ta ruwa," in ji ta.

"Ni ma kalma ɗaya nake jira. In na fita wurin wanda bai roƙe ni ba, da wane ido zan dubi iyayen da 'ya'yansu suka mutu tare da nawa?"

Ta koma ƙofa ta durƙusa kusa da mijinta, leɓɓansa duk sun tsage. Cikin raɗa ya gaya mata cewa a wurinsu mai roƙo da baki ciniki yake yi a kan jini, shi kuwa ba zai yi cinikin yaron da ya koya wa hawan doki ba. Ta kawo ruwa da kanta, ya kau da kai.

Haka ta yi ta kai da kawowa tsakanin zaure da ƙofa har ƙafafunta suka kumbura. Wata safiya ta taɓa kafaɗarsa, ya sulale gefe.

Masu riƙe tarihi sun ce mutanen tsaunuka sun ɗauki gawarsa suka tafi da dakarunsu duka, Gimbiya ta bi su da 'ya'yanta. Da shekara ta zagayo abokan gaba suka dawo, suka ci birnin. Sarki ya ƙare a wata bukka a ƙasar wasu, makaho. Ya aika wa ƙanwarsa manzo yana roƙon ta yafe masa. Ta saurari saƙon har ƙarshe, ta sa aka ba manzon guzuri, ba ta ce komai ba.

Sarauta tana iya ba mutum ikon rai da mutuwa, ta hana shi taka ƙofar gidansa. An yafe wa Madawaki tun yana da rai, amma ya mutu ba a shayar da shi ba.