Tawadar Allah a Kuncin Hagu

"Ka yi sauri mana! In Baba ya duba ƙarƙashin gado ya ga babu akwatin nan, na shiga uku!"

Mai gyaran hoto bai ko ɗago ba. Da farar safar hannu yake ɗaukar 'yan hotunan fim ɗin nan na da, masu firam na kwali, waɗanda ake haskawa a bango. Sai ya busa wa kowanne iska kafin ya sa shi a na'urar sikanin.

"Kurciyata, shekara talatin suna kwance, fumfuna ta fara cin su. In na yi garaje na karce fuskar mahaifiyarki, ba za ki yafe mini ba."

Shi ya raɗa mata Kurciya saboda rashin hayaniyarta, kuma wata takwas ke nan tana ja masa rai a maganar aurensu. Ba rashin so ba ne, Allah ya sani. Mahaifiyarta ta rasu ne wajen haihuwarta, kuma tun tasowarta Baba bai taɓa duban fuskarta ba. Ya ciyar, ya tufatar, amma in zai yi mata magana sai ya dubi bango. Ta daɗe da yanke wa kanta hukunci: gani yake ita ta kashe masa mata. Ta kasa barin gidan da wannan ƙullin a ranta.

Na'urar ta yi ƙugi, hoto ya fara saukowa a allon kwamfuta. Launinsa duk ya rine ya koma ja-ja. Ya yi ta gyarawa har rigar ta dawo shuɗiya. Wata mace ce tsaye a bakin taga, tana dariya.

Kurciya ta matso kusa da allon. Goshinta ne, idanunta ne, har da tawadar Allah a kuncin hagu!

"Wayyo... ni ce!"

Sallama suka ji a bakin shago. Baba ne, yana haki, takalmansa ma ba iri ɗaya ba.

"Ina akwatina?"

"Baba, ka yi haƙuri, ni dai so nake na ga..."

Bai saurare ta ba, idonsa na kan allon. Ya matso a hankali kamar mai tsoron kada matar ta gudu.

"Wa ya ba ki rigar uwarki kika yi hoto da ita?"

"Ba ni ba ce, Baba. Ita ce."

"A'a! Tata tawadar a dama take. Shekara huɗu ina kallonta, ba zan manta ba."

Mai gyaran hoto ya ciro fim ɗin ya ɗaga shi a haske, kunya ta rufe shi.

"Laifina ne, Baba. A kife na sa shi, shi ya sa dama ta koma hagu."

Ya danna, hoton ya juya, tawadar ta koma dama. Baba ya zauna a kan benci.

Kurciya ta durƙusa a gabansa.

"Baba... ka tsane ni ne don ta mutu saboda ni?"

"Wa ya gaya miki haka?!"

"Ba ka taɓa kallona ba."

Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa.

"Ran da za mu tafi asibiti, ta tsaya gaban madubi tana gyara ɗankwali. Ina bayanta, ta yi mini dariya ta cikin madubin. Ganina na ƙarshe ke nan da dariyarta, tawadar nan a hagu. Duk na dube ki sai na ga tana shirin tafiya kuma. Tsoro nake ji, 'yata. Wallahi tsoro ne kawai."

Kuka ya ƙwace mata. Mai gyaran hoto ya kai hannu zai goge hoton farko da ya fito a juye.

"Bar shi, ɗana," in ji Baba. "Ka wanke mini duka biyun. In ka tafi da ita, a bar ni da abin kallo."

Sannan ya tallafo haɓarta, ya ɗora babban yatsansa a kan tawadar. Ya daɗe yana kallonta.

"Ashe har kin girma haka..."