Baƙuwar Sabangali

"Hidime mafi!"

Mai gadin ya rufe ƙyauren asibitin a fuskata. Wannan kalmar Larabcin kaɗai na iya a lokacin, don ita nake ji kullum: babu aiki.

Sunana Safiyatu. Daga Funtuwa na zo Njamena a shekarar dubu biyu da ɗaya, da takardar ungozoma a jaka, na sauka wajen Goggona a unguwar Lamaji. Ba Faransanci, ba Larabci. Ko a gida sai Zainabu 'yar Goggo ta juya harshe da ƙawayenta, su yi ta dariya ina zaune kamar kurma.

Na tsuguna a gindin katanga na fashe da kuka.

"Haba 'yar uwa, kuka a kan hanya?"

Hausa! Na ɗago da sauri. Wani dogon saurayi ne a kan babur.

"Dawuda sunana. Hau in kai ki gida, rana za ta kashe ki."

Jikan maniyyata ne, kakansa ya taso zai je Makka ya yada zango a unguwar Sabangali bai ƙara gaba ba. Kaya yake ɗauka a gadar Ngeli. Tun daga ranar shi ke kai ni ƙofar asibitoci, yana koya mini Larabci a hanya.

"Ce habibi."

"Me ke nan?"

"Ce kawai mana, Safiyata..."

Na ce. Ya yi dariya har babur ya karkace. Ashe "masoyina" na ce masa.

Amma ranar da ya kai ni gaida mahaifiyarsa, Iya Mariya ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba.

"Mai neman aiki ba ta da gari, Dawuda. Gobe in an kira ta gida, da kai za ta tafi. Kai kaɗai gare ni!"

Zainabu kuwa, da ta daɗe tana ƙyalla ido a kansa, ta tare shi ta ce an sa mini rana a Funtuwa, jira kawai nake.

Bai tambaye ni ba. Ɗauke ƙafa ya yi.

Na koma yawo a ƙasa, ni kaɗai, har takalmina ya tsinke. Bayan damina wata likita a Sabangali ta gwada ni da Larabci, na amsa, ta ce in fara Litinin.

Wa zan faɗa wa?

Gadar Ngeli na nufa ina haki. Abokan aikinsa suka kalli juna.

"Ai ya sayar da babur. Ya bi mota Libiya neman aiki, ya ce garin nan ya fita ransa."

Na juya na kama hanyar gida.

Shekara ta zagayo babu labarinsa, har wani direba ya dawo ya ce motarsu ta lalace a sahara, Dawuda na cikin waɗanda aka binne.

Bayan sadakar arba'in, na taso daga aiki na tarar da Iya Mariya a bakin ƙofar asibiti da kwano a hannu. Ta rame har na kusa kasa gane ta.

"Zainabu ta zo ta faɗa mini abin da ta yi," in ji ta. "Tsoro nake kada ki tafi da shi, 'yata. Ga shi ke kina nan."

Ta miƙo mini kwanon.

"Na dafa na mutum biyu, hannuna ya saba. Ki taimake ni."

Na karɓi kwanon. Muka zauna a dakalin asibitin muna ci, ba mai kallon wata.