Wili Ɗaya Mai Sheƙi

Ƙarfe uku da kwata na yamma aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci gawar Baba Mai Wili a garejin gidansa. Kafin Sufeto ya isa, 'yan unguwa sun gama nasu binciken, har sun damƙa wa Saje mai laifi: Tela, maƙwabcin mamacin, gaban rigarsa jage-jage da jini.

Garejin ƙarami ne, ba mota a cikinsa. Tun da Baba ya ajiye tuƙin tirela ya mai da shi wurin gyaran wilin alminiyam. A kawo masa wili ya dafe, duk ya karce, ya mayar da shi kamar yau aka ɓare shi daga leda. Ga bokitin ruwa, ga samfefa rataye a ƙusoshi bisa lambobinsu, ga injin gogewa da gwangwanin man folish.

Wili huɗu na jingine da bango. Uku sun yi fari dishi-dishi, aikinsu bai wuce rabi ba. Na huɗun kuwa sheƙi yake, har Sufeto ya ga furfurar gashin bakinsa a ciki. Tsohon na kwance rigingine, ƙeyarsa a fashe.

A ofis Oga, shugaban caji ofis ɗin, bai ja magana ba. "Ga shaidu, ga jini, ga barazana. Gobe da safe ka kai shi kotu."

Sufeto ya tsani aikin da ya zo a dafe. Ya kuma san in fayil ɗin kisan kai ya bar teburinsa, Tela zai tsufa a gidan yari yana jiran shari'a, in ma igiya ba ta riga ba. Mutumin 'ya'yansa biyar.

Ya sa aka fito masa da Tela. "Jiya ka ce sai ka fasa wa Baba kai?"

"Ranka ya daɗe, baki ne ya yanka wuya," in ji Tela. "Shekara uku baƙin ruwan wankin wilinsa na bi ta ƙofar shagona. Jinin nan kuwa ɗaga shi na yi da na ji ihun matarsa."

"Kafin nan ba ka je garejin ba?"

"Ko kusa."

"Mai kantin kan kwana ya gan ka kana dukan ƙofar wajen sha ɗaya."

Tela ya sunkuyar da kai. "Na je. Ƙarar injin ce ta hana ni jin abin da kwastoma ke faɗa. Amma ƙofar a kulle take ta ciki, shi kuwa Baba ba ya rufe ƙofa in yana aiki. Na buga, na buga, ba a kula ni ba. Injin bai yi shiru ba sai wajen ɗaya saura."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Tsoro, ranka ya daɗe."

A mutuware likita ta juya kan gawar ta nuna masa raunin. Lanƙwasasshe ne, irin na bakin wili. Ta ce bugun ya faru wajen ƙarfe goma, kuma daga nan tsohon bai sake miƙewa ba.

Sufeto ya ɗaga hannun mamacin. Akwai busasshen farin ruwan samfefa a yatsun, amma babu baƙin maiƙon da folish ke bari. Wanda ya yi ta juya inji daga sha ɗaya zuwa ɗaya saura, ba Baba ba ne.

Matar marigayin na zaune a falo tsakanin mata. Tun safe tana asibiti wurin awon jini, ita ta dawo ta tarar da abin. A bakin ƙofa ɗansu Auta ke tsaye, ƙato ɗan shekara talatin da biyu, hannayensa cikin aljihu.

Sufeto ya durƙusa gabanta. "Mama, Allah ya ba da haƙuri. Tambaya ɗaya ce. Baba ya saba gama wili ɗaya kafin ya taɓa sauran?"

Duk da hawayen, sai da ta girgiza kai da ƙarfi, kamar an zagi mijin. "Haba ɗana! Shekara goma sha biyu ban ga haka ba. Sai ya bi huɗun duka da lamba ɗari huɗu, sannan ɗari takwas, har zuwa dubu biyu, kana ya ɗauki folish. Cewa yake in ka gama ɗaya shi kaɗai hasken ba zai zo daidai ba, motar ta fita kamar mai ido ɗaya."

"To ban da shi, wa ya iya aikin?"

Sufeto ya ga lokacin da ta gane inda maganarta ta dosa, kuma har cikin ransa ya ji tausayinta.

"Babu kowa," ta ce a hankali.

"Ni shekara biyar rabona da samfefa," in ji Auta, ba tare da an tambaye shi ba. "Ina shagon wanki da guga tun safe."

Mai shagon wankin mutum ne mai baki, ko tambaya bai jira an gama ba. "Tun safe? Ƙarfe biyu ya shigo mini! Kuma dubi ɓarnar da ya yi." Ya jawo wata farar riga daga kwando. A wuyanta da kafaɗa ga shatin yatsu baƙi wuluk, mai maiƙo. "Sau biyu na sa sabulu, ko gezau. Mai wanki da hannun gawayi, ina aka taɓa yi?"

Sufeto ya shinshina rigar, ya naɗe ta ya sa a leda.

Kafin rana ta faɗi ya sa Saje ya kawo Auta garejin. Ya shimfiɗa rigar a kan wili mai sheƙin.

"Fito da hannayenka."

Auta ya fito da su. Tafin ya sha wanki har ya yi ja, amma gefen faratan baƙi ƙirin.

"Tela ko riƙe samfefa bai iya ba. Wa ya gama wannan wilin?"

Auta ya daɗe yana kallon wilin. Sai ya zauna daɓas a kan bokitin da aka kife.

"Tsohon injinsa na zo roƙo, in fara nawa a ɗakina. Ya yi dariya. Ya ce hannuna na wankin kamfai ne. Tun ina ɗan shekara ashirin nake goge masa, Yallaɓai, bai taɓa barina na wuce lamba ɗari takwas ba. Na ce masa na iya, sai ya watsa mini jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Ture shi kawai na yi. Kansa ya daki bakin wilin."

"Sai ka rufe ƙofa."

"Jinin ya shige cikin karcen samfefar, ruwa ya ƙi fitar da shi. Na ɗauki lamba dubu."

"Da a nan ka tsaya, da wuya wani ya lura."

"Na sani." Hawaye ya gangaro masa. "Na ga yana fitowa da kyau. Na sa dubu da ɗari biyar, na sa dubu biyu. Hannuna ya ƙi tsayawa."

Sufeto ya yi tambayar da ya so a ce bai yi ba. "Duk lokacin nan, ya riga ya cika?"

Auta ya kalli injin gogewar.

"Ya kira sunana," ya ce. "Da ya sake kira, sai na kunna injin."

Daga bayan ƙofar da ta haɗa garejin da cikin gida aka ji wani abu ya faɗi, mata suka ɗau salati. Sufeto bai san uwar na tsaye a wurin ba. Ya ɗaura wa Auta ankwa.

Sel ɗaya ne a caji ofis ɗin. Saje ya buɗe, ya ce wa Tela ya fito ya karɓi takalmansa, an sallame shi. Tela ya fito yana godiya har ƙasa. Da ya ɗago, ya ga wanda za a shigar a madadinsa, godiyar ta maƙale masa.

"Auta? Kai ne?" Ya juya ga Sufeto. "Ranka ya daɗe, ina bakin ƙofar nan fa. Ina ta bugawa."

"Na sani, Tela. Je ka gida."

Saje ya tura Auta ciki ya ja ƙofar.