Zana a Tsakar Gidan Hajjo

Taɓarya ta suɓuce daga hannun Balki, ta dafe ƙirji ta durƙushe gaban turmi.

A idon ƙannen Audi, saurayinta, da aka turo su ga dakanta!

"Ban faɗa muku ba?" in ji Jummai, wadda ta daɗe da sa ido a kan Audi. "Zuciya ce. Haka uwarta ta faɗi a bakin rijiya."

Kafin la'asar magana ta gama garin Gangara. Uwar Audi ta aiko a dakatar da aure. Wadda daka ya kayar, ita za ta ja guga a rijiya mai zurfi irin ta ƙasar Damargu?

Audi ya zo bayan danga.

"Balkina... ki bari Baba ya duba ki."

"Baba?! Gara in mutu!"

Wanzami ɗaya ne a garin, Mamman, kuma shi ya haifi Audi. Yarinyar da ke sake hanya in ta hango rawaninsa, ita za ta ba shi labarin ƙirjinta?

Kwana uku tana kuka, kukan ma sukarta yake.

Ran na huɗu sai ga tsohon da kansa. Ya sa aka kafa zana a tsakar gida, ya zauna ya juya baya.

"Hajjo," ya ce da kakarta, "da ke nake magana, ban san da kowa a nan ba. Ta yi mura?"

A bayan zana Balki ta ja zane ta rufe fuska, ta yi wa kakarta raɗa.

"Wai da girbi, har da zazzaɓi da tari," in ji Hajjo.

"In ta ja numfashi fa?"

"Wai kamar mashi."

"Danna haƙarƙarin."

"Wayyo Allah!"

Ihun ya fita kafin Balki ta kama bakinta. Ta so ƙasa ta tsage.

Tsoho ya yi dariya.

"Alhamdu lillahi! Ni na duba uwarta, nata na zuciya ne, ko an danna da yatsa ba ya zafi. Wannan sauran mura ce ta sauka a haƙarƙari, na sha ganinsa shekarar annoba. A gasa mata, ta huta, kada ta taɓa taɓarya wata guda. Uwar Audi kuma a bar ni da ita."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Jummai ba ta zo ba.

Balki ta haifa wa gidan 'ya'ya biyar, ba ta taɓa yi wa Mamman magana ba. In an tambaye shi halinta sai ya shafa gemu.

"Sau ɗaya na ji muryar surukata. Shi ma wayyo ta ce."